Tikitin Kyauta da Idon Malam Haladu

An yi wani mutum a nan ƙasar Kazaure, ya 'yan uwa. Ba zan ambaci sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi ba sai na ƙara masa ba.

Ɗan wani ƙauye ne a gefen Roni. Mahaifinsa, Malam Haladu, manomi ne. Da kuɗin gero da gyaɗa ya sa shi a makaranta, da su kuma ya haɗa masa jarin farko. Allah ya buɗa wa yaron. Daga sayar da tocila a kasuwa, ya kai ga shi ke zuwa Dubai da kansa yana ɗauko farantan sola da batura, yana rabawa har Babura da Gwiwa.

A can Dubai wani banki ya ba shi kati. Ba irin namu ba ne da mutum ke cire abin da ya ajiye. Katin bashi ne. Ka yi sayayya da kuɗin banki, ka biya daga baya, in ka makara kuɗin ruwa ya hau kai. Amma ba da wannan fuskar ake tallarsa ba. Cewa ake yi duk abin da ka kashe za a mayar maka da ɗan wani abu, a kuma rubuta maka maki, in makin ya taru ka karɓi tikitin jirgi kyauta. Kalmar kyautar nan ita ta shiga ransa ta yi zaune.

Sai ya zama shehi a fannin. Wane kati ya fi mayar da kuɗi, wanne ya fi ba da makin jirgi, wanne ke shigar da mutum falon manya a filin jirgi ya sha shayi bai biya ba, duk ya haddace. A majalisa ana hirar damina, shi yana hirar maki. Wani abokin kasuwancinsa, Muhammadu Lawal, ya taɓa ce masa, "Anya takardar nan da ka sa wa hannu babu kuɗin ruwa a cikinta?" Ya yi dariya ya ce ai shi ba ya makara, shi ke cin banki, ba banki ke cin sa ba. Don Allah, kun taɓa jin bankin da ya buɗe ƙofa domin a zo a ci shi?

Ana cikin haka idon Malam Haladu ya fara ba shi matsala. Aka kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma saura ma tafiya zai yi. Ganin tsoho ya riƙa tsukewa daga gefe, kamar mai leƙa cikin rumbu ta 'yar kafa.

Tsoho bai yi raki ba. Ya aika aka kira masa ɗansa, ya ce, "Tun da ka yi arziki ban taɓa roƙonka komai ba. Abu ɗaya nake so. In ga Ɗakin Allah da idona kafin ya rufe, ko da Umara ce."

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana da kuɗin tafiyar a ranar. Makinsa ma ya isa kujerun baya na mutum biyu. Amma zuciya ta ce masa don me zai biya abin da zai samu kyauta? Kuma don me zai kai mahaifinsa a kujerar baya, alhali da ɗan ƙarin maki zai zaunar da shi a gaba, inda kujera ke miƙewa ta zama gado? Har ya hango hoton da zai ɗauka, da yadda za a riƙa tura shi daga waya zuwa waya ana cewa wane ya biya ubansa.

Ya ce, "Baba, a ɗan yi haƙuri. Saura kaɗan makin ya cika."

Malam Haladu bai san mene ne maki ba. Ya dai ce, "Allah ya cika shi."

Daga nan ya shiga sayen kaya da kati ba don kasuwa na nema ba, sai don maki ya hau. Sito ya cika da batura, aka kama wani. Kayan ba su fita da sauri ba, biya ya fara makara, kuɗin ruwan da ya ce ba zai taɓa shi ba ya fara hawa. Ya riƙa rufe wannan kati da wancan. Sai kuma banki ya ƙara yawan makin da ake nema na kujerar gaba. Ya yi fushi, ya zage su, ya ci gaba da saye.

Ƙanwarsa Rahamatu, wadda ke kula da tsohon, ta kira shi tana kuka. Ta ce, "Yaya, Baba fa ya daina gane fuska, sai dai murya. Don Allah a bar zancen makin nan." Ya ce bayan Sallah. Sallah ta wuce, ya ce bayan kaka.

Makin ya cika. Ya shigo ƙauye da murna, tikiti biyu a waya. Ya tarar da mahaifinsa zaune a zaure, ya yi sallama. Tsoho ya amsa, amma fuskarsa na kallon bango, ba inda ɗan ke tsaye ba. Idon ya riga ya rufe, kuma tsohon ne ya hana a faɗa wa ɗan, wai kada a tayar masa da hankali yana kan nema.

Duk da haka suka tafi. Aka zaunar da Malam Haladu a kujerar gaba. Bai san bambancinta da ta baya ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko sun tashi. Ba a ɗauki hoton ba.

A Makka ya riƙe hannun mahaifinsa suka ratsa jama'a har suka tsaya. Ko'ina mutane na kuka suna ɗaga hannu.

Tsoho ya ce, "Mun iso?"

"Mun iso, Baba."

"Tana gabana?"

"Tana gabanka."

"To faɗa min yadda take. Ka gani min."

Ɗan ya ɗaga kai ya dubi Ka'aba. Mutumin da zai kwana yana bayanin kati, ya kasa kalma ɗaya. Sai tsoho ya shafa hannunsa ya ce, "Bar shi, ɗan nan. Ina jin kukan mutane, ya ishe ni."

Malam Haladu bai ga wata daminar ba. Har ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa yi wa ɗansa gori ba, kuma wannan shirun shi ya fi yi masa ciwo. Baturan da suka daɗe a sito suka mutu. Kuɗin ruwa ya cinye shago, ya cinye gida. Yanzu yana wata 'yar rumfa yana gyaran fitilu. Ni na gan shi da idona a masallaci. In ya tarar da darduma mai hoton Ka'aba, sai ya matsa gefe ya yi salla a kan tabarma, don ba ya iya kallon hoton. Wallahi raina ya ɓaci ranar da na gane dalili.

Ya 'yan uwa, ina ruwan Allah da kujerar gaba? Kun san matsayin kuɗin ruwa a addini, ko da an lulluɓe shi an kira shi kyauta. Kun san aikin da aka yi don mutane su gani ba shi da lada. Amma abin da na fi ji muku tsoro shi ne jinkiri. Wa ya ba ka tabbacin idon mahaifinka zai jira ka? Wa ya ce kunnen mahaifiyarka zai kai baɗi? In suna raye kuma akwai abin da suka roƙa, kuma kana da hali, kada ka kai gida daga masallacin nan ba ka fara shirinsa ba.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya nuna masa a can abin da bai gani a nan ba. Allah ya yafe wa ɗansa, ya sanyaya masa zuciya. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga kwaɗayin abin da aka ce kyauta ne, ya kiyaye mu daga ce wa iyayenmu su jira. Amin.