Gonar da Zailani Ya Ba Murja

Alhaji Zailani ɗan kasuwar riɗi ne a Gagarawa, mutum mai fara'a, amma akwai shi da son wayo. Da zarar an ce a biya, sai ya fara neman ta inda zai zille. Yana da wata gona a bakin titi da ya saya da arha shekarun baya. Wani attajiri daga Maigatari ya zo ya yi mata tayi mai tsoka, yana so ya gina sito. Zailani ya yi ta murna, har aka gaya masa akwai harajin da ake biya a kan ribar irin wannan ciniki. Daga nan abinci ya daina yi masa daɗi.

A majalisa wani ya ba shi shawara ya raba gonar biyu, ya ba ɗan'uwa rabi da sunan kyauta, kowa ya sayar da sunansa, ribar ta ƙanƙance a idon hukuma. Mai shawarar nan ko akurki bai taɓa sayarwa ba, amma Zailani ya hau kai ya zauna.

Ya zaɓi ƙanwarsa Murja, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, don ya san ba ta yi masa musu. Bai gaya mata dabarar ba. Don abin ya yi kama da gaske, ya kira liman, Malam Abdulbaqi, da mai unguwa. Aka zaga iyaka, ya furta a gabansu cewa ya ba ta rabin gonar. Murja ta durƙusa tana kuka tana sa masa albarka.

Mai saye ya yi jinkiri, damina ta faɗi. Murja da yaranta suka shuka gero da wake. Sai da kaka attajirin ya dawo, Zailani ya garzaya wurin liman.

"Malam, kyautar nan fa ta fatar baki ce."

"Alhaji, mu gaskiya muka shaida," in ji Malam Abdulbaqi. "Ka ba ta, ta karɓa, ta noma. In kuwa ƙarya ka sa mu shaida, je ka faɗa mata da bakinka."

Zailani ya je ya tarar da Murja tana sussuka a tsakar gida. Tana ganinsa ta miƙe da murna.

"Yaya, tun rasuwar baban yaran nan, bana ce kaɗai ban je awo kasuwa ba. Ga damin da na ware maka."

Kunya ta rufe Zailani, ya fasa maganar da ya zo da ita.

"Lafiya, Yaya?"

"Lafiya lau. Ki shirya gobe mu je Gumel a tabbatar miki da gonarki a hukumance."

Haka aka yi. Ya faɗa wa jami'an haraji gaskiyar yadda ake ciki, ya sayar da rabinsa, ya biya abin da aka yanka masa, kuma bai talauce ba. Murja tana nan tana noma gonarta.

Darasin shi ne, kada mutum ya mayar da ɗan'uwansa mafakar guje wa haƙƙin da ke kansa. Wanda zai sayar da kadara ya tambayi masana, ya biya abin da ya wajaba. Wanda kuma ya ce ya bayar, to ya bayar har zuci, domin wanda aka ba ya riga ya ɗora rayuwarsa a kai.