Sallama a Rijiyar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu saurara, Inna.

Tsohon Kunkuru mai rijiya ba ya ba da ruwa sai ya ji sallamarka kai kaɗai. Da damina lafiya lau. Da rani kuwa Akuya ta zo da ƙishi, ita da Tunkiya da Jaki suka yi ta sallama tare.

Kunkuru ya ce, "Hayaniya nake ji! Kowa ya ƙirga ƙafafunsa kafin ya sake."

Duk huɗu-huɗu ne, suka gama ƙirga tare, sallamarsu ta sake karo.

Akuya ta ɗage ƙafa guda, ta riga su gama ƙirga. "Uku! Salamu alaikum, Baba!"

"Shigo, 'yar nan."

Washegari Tunkiya da Jaki suka zo suna ɗingishi, suka ƙirga uku-uku, suka sake karo. Akuya ta ƙirga huɗunta a natse, ta yi sallama ita kaɗai, ta sha abinta.

Ƙurunƙus, kan ɗan ƙadangare.