Salgar Dagaci Ba Ta Cika

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To, ga ta ta zo.

Wani gari ne mai rijiya ɗaya tak, tana gangare, ƙasa da gidan dagaci. Kowane gida da salgarsa a bayan ɗaki, mai kula da su kuwa Buzuzu ne. Duk shekara, in gawo ya fara zubar da ganye, damina ta matso ke nan, sai ya ɗauki doguwar gora ya bi gida-gida yana zurawa. Wadda ta kusa cika a yashe ta, a kai bayan gari a binne.

Amma in ya wuce, sai mutane su toshe hanci. Ran nan ya gaji da wulakanci, ya jingine gorar, ya koma daji. Ba wanda ya ɗauka. Kowa yana jin kunya a ce salgarsa ta cika, kai ka ce iska suke ci. A damina ta biyu salgogi suka tumbatsa, ruwa ya kwashi ƙazanta ya kai rijiya, yara suka kwanta da gudawa. 'Yar Tamadi mai daddawa da ƙyar ta sha.

Ran Tamadi ya ɓaci ƙwarai. Da rani ya yi, sai ta ɗauki gorar ta bi Buzuzu daji.

Ta ce, "Baba Buzuzu, ka dawo."

Ya ce, "Na dawo wa? Ke dai ba kya gudun wari, koyi da kanki. In gora ta jiƙe har gaɓa ta biyar, a yashe. Amma kowa zai ce ki fara da maƙwabcinsa."

Ta ce, "Da kaina zan fara."

Gawo na fara zubar da ganye, ta tara matan gari, ta zura gora a tata salgar, ta ɗaga kowa ya gani. Ta ce, "Tawa ta cika. Wa ke biye?" Aka yi dariya, aka yi ƙus-ƙus, amma gida-gida aka buɗe mata. Saura gidan dagaci, wanda tasa ce daidai kan rijiya. In ita ta malala, aikin kowa ya tashi a banza.

Ta je, ta tarar da Kurege, bafaden dagaci, a zaure. Ya ce, "Salgar manya ba ta cika. Koma."

Kashegari ta dawo. Ya ce, "Ba na ce miki salgar manya ba ta cika ba?"

Rana ta uku hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kurege ya maimaita, har da kaɗa wutsiya. Tamadi ta ce, "To, na ji. Zan sanar."

Sai ta nufi kasuwa, ta tsaya tsakiyar 'yan hatsi, ta ɗaga murya: "Jama'a, na auna gidan Tanko maƙeri, gaɓa shida! Gidan ciyar da baƙi ke nan, Allah ya ƙara buɗi. Gidan Jatau mahauci, gaɓa bakwai! Amma gidan dagaci, mutum arba'in, shekara uku, an ce salgarsu ko rabi ba ta kai ba. Allah sarki, ashe ba a ci a ƙoshi a gidan nan. Mai tsaba ya taimaka musu."

Kafin la'asar tsofaffi sun fara kai ƙwaryar gero ƙofar dagaci, suna yi masa jaje. Dagaci ya fito, rawani a karkace, ya ce, "Ni ake kawo wa sadaka? Ni marowaci? A kira mini matar nan da gorarta!"

Tamadi ta zo ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, Kurege ya ce ba ta cika."

"Kurege ne ke shiga ko ni? Zura!"

Ta zura, ta zaro. Gaɓa tara, a jiƙe sharkaf. Dagaci ya karɓi gorar da hannunsa, ya ɗaga sama yana cewa, "Ku gani! Duk garin nan wa ya kai ni?" Kurege kuwa shi aka fara miƙa wa gugan yasa.

Kwana biyu ana yasa, rana ta uku ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da safe Tamadi ta je rijiya. Ta ja guga, ruwa garau. Ta sha, ta ba 'yarta, sannan ta zauna a bakin rijiyar ta yi kuka.

Daga nan ta kafa doka, dagaci ya sa baki: gorar nan kowace shekara unguwa ɗaya ke riƙe ta, ta auna gari duka, ta miƙa wa ta gaba.

Kun ji. Abin da kowa ke yi kullum, kunyar gyara shi wauta ce, kuma ramin da ke bayan ɗakinka ba naka kai kaɗai ba ne.

Ƙurunƙus. Ba don kan ɓera ya yi ƙanƙanta ba, da na raba muku.