Ɗakin Mama Ya Zama Ofis

Akwai wata mata mai suna Puleng a garin Bloemfontein, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Tana zaune da mijinta Moeketsi, da 'ya'yansu mata biyu, Lerato da ƙanwarta, da mahaifiyarsa Mama Dikeledi, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu.

Moeketsi yana aiki da wani kamfanin inshora, amma daga gida yake aikin. Kullum yana kan kujerar falo, kwamfuta a cinya, talabijin a kunne.

Wata Asabar ya dawo daga wurin gashin nama da abokai yana ta washe baki. An gaya masa cewa duk mai aiki daga gida, idan ya ware ɗaki guda don aikin kaɗai, hukumar haraji tana mayar masa da wani kaso na kuɗin gida da na wuta. Kuma gwargwadon faɗin ɗakin, gwargwadon abin da za a mayar.

Ɗaki mafi faɗi a gidan shi ne na Mama.

Washegari Puleng ta shiga kai wa tsohuwar shayi, sai ta tarar da mijinta a durƙushe yana auna bango. Mama na zaune a bakin gado, ta ɗage ƙafafu don igiyar awon ta wuce.

"Fenti za ka yi min, ɗana?" in ji Mama, tana murmushi.

"Kusan haka, Mama."

Da suka keɓe a kicin ya faɗa wa Puleng gaskiya. Ɗakin zai zama ofis, Mama kuma za ta koma gareji.

"Gareji? Inda kake ajiye mota?"

"Haba, kin faɗa kamar bola ce! Zan shimfiɗa kafet. Sati biyu ne kawai, in ɗauki hotuna in tura musu."

"Baban Lerato, matar nan gidanta na Thaba Nchu ta sayar ta ba ka ka sayi wannan."

"To ai gidan nake so ya fara kawo kuɗi. Ke allura kika sani, bar min lissafi."

Puleng ta zaci tsohuwar za ta ƙi. Amma Mama ta naɗe bargonta da kanta, ta ɗauki Littafi Mai Tsarki da hoton marigayi mijinta, ta ce, "In dai don aikinsa ne, 'yata, ai ba komai."

Ya sayo tebur da kujera mai juyawa, har da fulawar roba. Ya ɗauki hotuna, ya cike takardu cewa tun bara ɗakin ofis ne. Sannan ya kulle ƙofar, ya koma kujerarsa ta falo.

Sati biyu suka wuce. Wata guda ya wuce. Duk lokacin da Puleng ta yi magana sai ya ce, "Idan suka zo dubawa fa?"

Ga shi Yuli ya shiga, tsakiyar hunturu a ƙasar, sanyi har ruwan famfo ke daskarewa.

Wata safiya Puleng ta dawo daga aikin dare ta wuce garejin kai tsaye. Tana ɗaga ƙofar, warin fetur da na fitsari ya doke ta. Mama na kwance da hula da safa biyu, tana tari. A gefen katifar akwai bokiti da aka rufe da jarida, domin ƙafafunta ba sa kai ta banɗakin cikin gida a wannan sanyin. Kwanon fatenta na jiya yana ƙasa, ɓera ya yi kashi a ciki. Motar Moeketsi kuwa an lulluɓe ta da sabon mayafi.

Puleng ta ga abubuwa da yawa a asibiti, amma ba ta taɓa ganin abin ƙyama irin wannan ba. Kuma har da kanta take ƙyama, don da idonta ta ga an fara wannan abu ta yi shiru.

"Kada ku yi faɗa saboda ni," in ji Mama.

Puleng ta sunkuya. Ta goya tsohuwar ta kai ta kan gadonsu na aure. Da Moeketsi ya buɗe baki, ta ce, "Akwai katifa a gareji. Ka ce ai ba bola ba ce."

A falo ya riƙa kwana.

Kuɗin suka shigo, rand dubu tara. Ya saya wa motar sabbin tayoyi, ya gayyato abokai aka gasa nama, yana ta koya musu dabara. Ko kwalbar maganin tari bai saya ba.

Bayan wata biyu hukumar ta rubuto tana neman rasit. Ya tura, ya manta cewa rasit ɗin teburin da kujerar na watan Yunin bana ne. Aka sake rubutowa: yaya ɗaki ya zama ofis tun bara, kayansa kuma aka saye su bana?

Nan ido ya raina fata. Ya rubuta wata takarda, ya same su a kicin, Puleng tana tuƙa tuwon masara, Mama tana gyaran alayyafo.

"Mama, gobe za mu je ofishin 'yan sanda ki sa hannu a nan. Rantsuwa ce kawai cewa shekara biyu ke nan kina ƙauye, ba a gidan nan kike zaune ba."

Tsohuwar ta ajiye wuƙar. Ta dubi ɗanta.

"Ka fitar da ni daga ɗaki, na yi shiru. Na kwanta kusa da motarka, na yi shiru. Yanzu kuma in ɗaga hannu gaban Allah in rantse cewa babu ni?"

"Mama, takarda ce fa!"

"Ni ma takarda na sa wa hannu ranar da na sayar da gidana."

Ya juya wajen matarsa. "To ke sa min."

Puleng ko ɗagowa ba ta yi ba. "Matsa min, kana tare min haske."

Ranar Lahadi ƙanwarsa ta zo daga garin Botshabelo da motar haya, tare da mata huɗu na cocin Mama. Ba su yi masa faɗa ba. Sun dai nemi a buɗe musu garejin, suka tsaya suka kalla, ɗayarsu ta tofar da yawu a ƙasa. Suka kwashe kayan tsohuwar suka tafi da ita, maƙwabta na leƙe ta saman katanga.

Hukumar ta karɓe kuɗinta, ta ɗora masa tara. Abokan gashin nama suka daina ɗaga wayarsa.

Ya je Botshabelo sau uku neman gafara. A zuwa na uku Mama ta fito, ta ba shi shayi, ta tambayi lafiyar jikokinta. Da ya ce ya gyara mata ɗakinta, ta dawo gida, sai ta girgiza kai.

"Na yafe maka, ɗana. Amma a nan in na yi tari, akwai mai ji."

Darasi: Neman sauƙin haraji ta hanyar gaskiya haƙƙinka ne, ba laifi ba. Amma duk ribar da sai ka yi ƙarya ko ka wulaƙanta wanda ya raine ka kafin ka same ta, ƙazanta ce, kuma ba ta daɗewa a hannu. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda iyayensu ke zaune a gidajensu.