Yorun, Wadda Ta Hana Odin Mijinta

A can ƙarshen arewacin duniya, inda rana kan yi watanni tana laɓe a bayan duwatsu, tafkuna su daskare har doki ya taka su, an yi wata mafarauciya mai suna Yorun 'yar Brusi. Tun kafin addini ya isa ƙasar ne, lokacin da mutanenta ke bauta wa alloli da suka ce suna zaune a Asgad, birnin sama. Babbansu shi ne Odin, tsoho mai ido ɗaya, mai mashin da ba ya kuskure, mai hankaki biyu da ke kai masa labarin duniya.

Barewar ƙanƙara Yorun take farauta, irin mai ƙaho kamar rassan itace. Mawaƙan ƙasar kan yi mata kirari: "Ta Brusi, inuwa a kan ƙanƙara, kibiyarki ba ta dawowa da ƙishirwa."

Masu ba da tarihin sun ce an taɓa yi wa Odin duba cewa a ranar ƙarshe wani ƙaton kerkeci zai tsinke marin da aka ɗaure shi da shi ya haɗiye Odin. Tun daga nan yake tara mayaƙa a Balhala, zaurensa mai rufin garkuwoyi, don su tsaya masa a ranar. Ba mai shiga zauren sai wanda ya faɗi a fagen fama. Wanda ciwo ko tsufa ya kashe kuwa, sai ya gangara gidan Hel, sarauniyar matattu, inda babu wuta babu waƙa. Saboda haka Odin kan sa malafa da shuɗiyar alkyabba, ya shiga cikin mutane yana haɗa su gaba. Haka ya yi wa mutanen tudu da mutanen gaɓa a kwarin su Yorun, har yaƙin ya cinye mahaifinta da yayyenta maza.

Wata ranar hunturu Yorun ta dawo daga daji da hantsi, ta tarar an gwabza a kan daskararren tafki. Ta bi gawarwaki tana dubawa har ta sami mijinta Toki, masassaƙin jiragen ruwa, mashi ya huda masa cinya, jini na malala yana narkar da ƙanƙara. A kansa kuma ga wata mace bisa farin doki, sanye da sulke da kwalkwali, kofatan dokin ba su taɓa ƙasa ba. Ɗaya ce daga cikin Balkiriya, 'yan matan Odin masu zaɓen matattu. Ba ta da ikon ɗaukar mai numfashi, jira kawai take jinin ya ƙare.

Yorun ta ɗana kibiya, ta dubi sulken, ta gane ƙarfen duniya ba zai huda shi ba. Sai ta tanƙwara bakanta ta zare tsirkiyar, ta durƙusa ta ɗaure cinyar Toki tamau har jinin ya tsaya.

"An riga an shimfiɗa masa wuri kusa da mahaifinki," in ji Balkiriyar. "Kwance wannan igiya."

Yorun ta ce, "Odin ya karɓi uba, ya karɓi yayye. Wannan nawa ne."

Toki da kansa ya roƙe ta ta ƙyale shi, ya ce kada ta mai da shi abin dariya, gurgun da mace ta fizge daga ƙofar Balhala. Ba ta ko dube shi ba, ta ƙara jan ƙullin. Balkiriyar ta gargaɗe ta cewa idan ta dage, babu wani daga zuriyarta da zai ga zauren Odin, dukansu gidan Hel za su gangara.

"Uwata tana can," Yorun ta ce. "Ɗana da zazzaɓi ya ɗauke yana can. Duk matan da suka haifi jaruman ubangidanki suna can. Gaya masa na zaɓa."

Dokin ya juya ya hau iska, ya bar su a kan tafkin.

Da labari ya bazu, dattawan ɓangarorin biyu, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, suka haɗa baki suka kore ta don gudun fushin sama. Ta ɗora Toki a kan fatar barewa, ta ɗaura igiya a ƙugu, ta nufi gabas tana jansa. Zawarawan tudu da na gaɓa da yawa suka ɗauki 'ya'yansu suka bi ta, domin sun gaji da renon yara ana kai wa mashi. Toki ya juya fuska, ya daina yi mata magana.

Tafiyar ta kai su bakin Yotunhaim, ƙasar ƙattin ƙanƙara, abokan gaban allolin Asgad. Guguwa ta taso ba ta lafa ba, hankakin Odin suna shawagi a kansu suna jiran ganin wanda zai fara faɗuwa. Abinci ya ƙare, yatsun wasu suka yi baƙi saboda tsananin sanyi. Ana cikin haka Yorun ta kama wata tsohuwar barewa da tarko, ta ga ɗanyar ciyawa shar a bakinta, alhali ko'ina fari ne fat. Maimakon ta yanka wa mayunwata, sai ta sake ta, mata na zaginta, ta bi sawunta. Barewar ta kai ta wani lungu tsakanin duwatsu inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tururi na tashi, ciyawa ta kewaye shi. An ce wutar Musfel ce, duniyar wuta, ke dafa shi daga ƙarƙashi. Ƙaton da ke da wurin ya leƙo daga bayan dutse, gemunsa duk ƙanƙara. Da ya ji dalilin korarsu, ya yi dariyar da ta zubo da dusar ƙanƙara daga kan tsaunuka, ya bar musu lungun.

Nan suka kafa gari. Ruwan ya warkar da raunin Toki, amma ɗingishi bai bar shi ba, fushin ma ya daɗe. Shi ya sassaƙa ginshiƙan gidajen, sannu a hankali kuma ya koma cin abinci tare da matarsa, har ta haifa masa 'ya'ya mata da namiji.

Bayan shekaru, wani matafiyi mai malafa ya iso bakin marmaron da rana tsaka, yana dogara mashi. Yorun ta ga ido ɗaya a ƙarƙashin malafar, ta tare hanya.

"Sannu da zuwa, baba. Baƙo yana da tuwo da wurin kwana a nan. Mashi kuwa a waje yake kwana."

Odin ne da kansa. Ya dubi Toki, wanda ke zaune da gizago a hannu, furfura ta fara fito masa, ya ce har yanzu shimfiɗarsa na nan, in ya ɗauki makami ya bi shi zuwa kwari a yau. Toki ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da matarsa.

"Ranka ya daɗe, ka ba wani. Ina da rufin da ban gama ba."

Odin ya ɗaga mashin ya soki dutsen da ke bakin ruwa, dutsen ya dare gida biyu. Ya zare mashinsa ya juya, ba a sake ganinsa a wannan yanki ba.

Yorun ta rayu har ta ga jikokin jikokinta, ta rasu a kan gadonta, Toki ya riga ta da hunturu ɗaya. Masu tarihin sun ce garin yana nan, ana kiransa Marmaron Yorun, tsagaggen dutsen ma yana nan a bakin ruwa. Duk baƙon da ya iso, sarki ne ko makiyayi, a cikin tsagar yake ajiye makaminsa kafin a ba shi ruwa, ba ya kuma ɗauka sai ranar da zai tafi.