Ledar da Manomin Citta Ya Ƙi Cirewa

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda yake da wata ɗabi'a da duk ƙauyensu suka san shi da ita. In ya sayi sabon abu, ba ya cire masa leda. Kujerar babur ɗinsa tana cikin leda har ledar ta yayyage. Rediyonsa yana cikin leda. Katifarsa kuwa ba a magana, duk juyin da ya yi sai ta yi ƙara, har matarsa ta saba da barci cikin ƙarar. In an yi masa tsiya sai ya ce shi ba ya so kayansa su tsufa. Kada ku cika yi masa dariya, gama na shiga gidajen waɗansunku, na kuwa zauna a kan kujerunku.

Mutumin nan yana da tsohuwar uwa, Mama Damaris, wadda ta yi shekaru masu yawa tana ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu. A kwanakinta, in ta ɗaga murya mata suka amsa, aka buga tulu, har waɗanda suke bakin rafi sukan ajiye wanki su saurara. Amma tsufa ya zo. Muryar ta dishe, idanun suka yi hazo, ta koma zama a bencin baya. Ɗanta kuwa ya daɗe yana ɗaukar bidiyonta da wayarsa, wani a wurin biki, wani a ranar godiya ta girbi, guntu-guntu, ba tsari.

Sai ya zama matan zumunta suka sa ranar Lahadi da za su girmama ta. Da aka yi sanarwa, mutumin nan ya miƙe a tsakiyar jama'a, farin ciki ya ɗebe shi, ya yi alkawari zai haɗa guntayen nan duka su zama abu ɗaya, a nuna da majigi a bangon majami'a, domin mahaifiyarsa ta sāke jin muryarta kamar dā. Aka tafa masa. Tsohuwar ta rufe fuska da gyale don murna. Sai da ya isa gida ya gane wayarsa ba za ta iya wannan aiki ba, sai kwamfuta mai ƙarfi.

Ya sayar da citta ya tafi birni. Mai shagon ya ce masa wadda aka riga aka haɗa ta fi ƙarfin aljihunsa, amma in zai sayi kayan ɗaya-ɗaya ya haɗa da kansa, zai sami mai kyau. Mutumin ya ji abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce a ransa, "Ni da na kwance injin ban-ruwa na mayar, na kwance babur na mayar, wannan ɗan akwati ne zai gagare ni?" Mai shagon ya zuba masa manhajojin da ake bukata a cikin ma'ajiyar kwamfutar, ya ɗaure masa kwalaye, ya komo gida yana waƙa a kan babur.

Washegari da safe ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya baje kaya. Ya ari kwanon matarsa ya zuba ƙusoshi. Ya jingina waya a jikin bango yana kallon wani mutum da yake koyar da haɗa kwamfuta, yana zuba Turanci da sauri sai ka ce ana korarsa. Ya tsayar, ya mayar baya, ya sāke tsayarwa. Ashe abin ba kamar babur ba ne. Ƙusoshin ƙanana ne ƙwarai, yatsunsa kuwa na mai riƙe fartanya ne. Wayoyin wuta duk kamarsu ɗaya, kowace kuma da raminta. Ya ɗaure babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa a cikin akwati, sai ya ga ya manta da wani ƙarfe da ya kamata ya fara shiga, ya kwance ya sāke. Wata ƙusa ta faɗi ta gangara waje, da ƙyar ya riga kaza isa wurinta. Gumi ya jiƙa masa riga, amma bakinsa bai rufu ba don murna. Duk abin da ya shiga wurinsa ya ce ƙas, sai ya kira matarsa ta zo ta gani.

A tsakiyar allon nan akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannun jariri ba. Masana suna ce masa ƙwaƙwalwar kwamfuta, ni kuwa yau zan kira shi zuciyarta. Shi ne yake yin dukan aikin, in yana aiki kuwa yakan yi zafi sosai. Saboda haka ake shafa masa wani mai, a ɗora masa ƙarfe mai fanka a kai, a matse. Ƙarfen yana shan zafin, fankar tana kore shi. Da mutumin ya juya ƙarfen nan, sai ya ga gindinsa yana ƙyalli kamar madubi, an manna masa wata 'yar leda siririya mai jan rubutu.

Matarsa tana tsaye a kansa. Ta sunkuya ta karanta, ta ce, "Baban Keziya, ai an rubuta a cire."

Ya ce, "Haka suke rubutawa a kan kowane abu, don ya tsufa da wuri mutum ya koma ya sayi wani. Dubi yadda yake ƙyalli. Wannan 'yar leda me za ta hana?"

Ta ce, "To," ta koma wurin tukunyarta.

Ya shafa mai, ya ɗora ƙarfen da ledarsa, ya matse sosai, ya rufe akwati. Ya danna maɓalli. Shiru. Sai ya tuna akwai wani makunni a bayan akwatin. Da ya kunna shi ya sāke dannawa, ga shi kuwa fanka ta juya, fitila ta kama, rubutu ya bayyana a gilashin kallo. Mutumin nan, magidanci mai furfura a gemu, ya tashi yana rawa a zaure da sukundireba a hannu. Maƙwabta suka taru suna leƙe. Ya yi ta nuna musu yana cewa da hannunsa ya haɗa, aka yi ta sa masa albarka.

Kwamfutar kuwa ta yi aiki. Ya duba hotuna, lafiya. Ya kwashe waƙoƙin daga waya ya zuba mata, lafiya. Ya jera su bi da bi yadda yake so. Amma da ya ba ta babban aikin, wato ta haɗe su duka su zama abu ɗaya, sai fanka ta fara kuka, aikin ya yi ta ja da ƙyar, can sai ɗif, ta mutu. Ya kunna, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ya sāke ba ta aikin, ta sāke mutuwa.

Da fari ya ce laifin wuta ne, ya aro janareta. Ta mutu. Ya ce mai shagon ne ya cuce shi, ya yi ta faɗa shi kaɗai. Daga baya ya lura duk sa'ad da ta farfaɗo takan rubuta cewa zafi ya yi mata yawa. Sai ya buɗe gefen akwatin, ya kafa mata fankar ɗaki, ya sa matarsa ta zauna tana yi mata fifita da mafici. Duk a banza. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, in ya taɓa ƙarfen sanyayan sai ya ji shi da ɗan ɗumi kawai. Ranar kuwa tana matsowa. Kowace yamma yana jin matan zumunta suna gwajin waƙa a majami'a, kowane bugun tulu kuma kamar a ƙirjinsa ake yi. Tsoro ya kama shi, ba don kunyar jama'a kaɗai ba. Tsohuwar ta riga ta sa an wanke mata zanen zumunta an goge.

Ran Asabar da la'asar sai ga ta ta shigo zauren tana dogara sanda. Ta zauna a kan turmi, ta ce, "Ɗana, kwana biyu ban ji dariyarka ba. Abin naka ya ƙi ne?"

Ya ce, "Mama, ta ce zafi ne yake damunta. Na ɗora mata ƙarfen sanyaya, ga fanka a ciki, ga fanka a waje, amma zafin ya ƙi fita."

Tsohuwar ta ce, "Ni ban san kan waɗannan abubuwa naku ba. Amma sa'ad da kake yaro, in zazzaɓi ya kama ka, sai na tuɓe maka riga tukuna in shafa maka ruwa. Ban taɓa ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan riga ba. Ita wannan, ka tuɓe mata?"

Matarsa ta ajiye mafici, ta ɗaga kai tana duban rufin zaure. Shi kuwa nan take ya gane.

Amma ganewa daban, kwancewa daban. Ya dubi aikin da ya sha wahala a kansa, wanda ya nuna wa duk unguwa, ya ga sai ya warware shi da hannunsa. Yana kuma tsoro kada ya karya wani abu a hanya. Ya daɗe riƙe da sukundireba. Daga bisani ya yi addu'a gajeriya, ya kwance ƙusoshin, ya ɗaga ƙarfen a hankali. Ga ledar nan kwance, ta yamutse don zafi, jan rubutun nata yana nan yana cewa a cire. Ya sa farce ya ɓare ta. Abin da ya hana shi sukuni dukan kwanakin nan, ko nauyin ganye ɗaya bai kai ba.

Ya goge wurin, ya matso ɗan sauran man da ya rage, ya mayar da ƙarfen, ya kunna, ya ba ta aikin. Su uku suka zuba ido. Aikin ya kai inda takan mutu, ya wuce. Ya taɓa ƙarfen, ya ji shi da zafi rau, zafin ya sami hanyar fita ke nan. Ya yi tsalle har ya kusa kifar da kwanon ƙusoshi, matarsa ta rangaɗa guɗa.

Ran Lahadi aka rufe tagogin majami'a da zannuwa, aka haska majigi a bango. Mama Damaris ba ta ga kome sosai ba sai haske. Amma da muryar nan ta cika ɗakin, sai ta miƙe ba tare da sanda ba, ta kama waƙar da 'yar disasshiyar muryarta, matan zumunta suka amsa mata gaba ɗaya. Ɗanta yana tsaye a baya yana share hawaye. Da suka koma gida, kafin ya ci abinci, ya shiga ɗaki ya yage ledar katifa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Ɗan abin nan mai ɗaukar zafi shi ne zuciyar mutum. Zafin kuwa shi ne fushi, da baƙin ciki, da jaraba, da nauyin kwanakin duniya, ba kuwa zuciyar da take aiki ba ta yin zafi. Ƙarfen sanyayan shi ne alherin Ubangiji, wanda yake da ikon ɗauke zafin nan duka. Ledar ita ce abin da muke mannawa a tsakani don mu riƙa ƙyalli a idon mutane. Ga wani girman kai ne. Ga wata, maganar da aka faɗa mata tun bara ce ta ƙi yafewa. Ga wani kuma zunubi ne da ya saba da shi har ya daina ganinsa, gama leda ba ta da launi.

Ku lura, mutumin nan bai rasa kome ba. Kayansa masu kyau ne, ya kuma haɗa kusan kome daidai, ko da yake sabon shiga ne. Ƙarfen yana matse a kan zuciyar, kusa ƙwarai, amma ba su taɓa juna ba. Haka waɗansunmu suke. Muna bencin gaba, muna cikin mawaƙa, sunanmu yana kowane kwamiti. Muddin kwanaki masu sauƙi ne, ba wanda zai gane. Amma ranar da babban aiki ya zo, ciwo ya shiga gida, ko gona ta ƙi, ko ɗan'uwa ya ci amana, sai mu mutu ɗif. Sa'an nan mu ce laifin fasto ne, laifin maƙwabci ne, mu ƙara taro a kan taro kamar mai ƙara fanka a kan fanka.

Kada kuma wani ya ce bai sani ba. An rubuta a cire, an kuwa karanta masa. Kowace Lahadi ana karanta mana.

Ku da kuka fara bin Yesu kwanan nan, kada wuyar farko ta karya muku gwiwa. Za ku ɗaura ku kwance, za ku sa waya a ramin da ba nata ba, wannan duk ba abin kunya ba ne, haka kowa ya koya. Ku riƙe murnarku. Abu ɗaya nake roƙonku, ku da mu tsofaffi duka, kada ku zo gaban Ubangiji da leda. Cire ta yakan sa mutum ya kwance abin da ya riga ya nuna wa jama'a, ya je ƙofar ɗan'uwansa ya ce, "Na yi maka laifi." Da wuya, na sani. Amma ku tuna ba don kansa kaɗai manomin nan ya ɓare ledar ba. Da ya bar ta, da tsohuwa ta zo da gogaggen zanenta ta koma gida shiru. Akwai wani a gidanka, akwai wata a unguwarki, da take jiran waƙar da za ta fito ta wurinku. Kowa ya san tasa ledar. Kafin Lahadi mai zuwa, a sa farce a ɓare.