Sauro da Jinin Suruki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani marini mai suna Jatau. Matarsa Kande ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, har tafin hannunta ya yi fari fat. Aka kai ta asibiti. Malamin asibiti ya ce in ba a ƙara mata jini kafin faɗuwar rana ba, sai dai haƙuri.

Mahaifinta, Barau masunci, ya taso daga bakin fadama, ya naɗe hannun riga ya ce a ɗiba. Malamin ya ce to, amma sai an ɗiga kaɗan a gilashi an duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta tukuna. Tsoho ya sauke hannun rigarsa. Ya ce rabonsa da zazzaɓi tun yana saurayi, in kuwa jininsa abin zargi ne, gara ya koma bakin ruwa.

Ashe Sauro yana kan bango yana ji. Shi Sauro sana'arsa nema wa ƙwayoyin zazzaɓi masauki, waɗansu baƙi ƙanana da ido ba ya gani. Ya daɗe da sauke su a jinin Barau, amma jikin tsohon ya saba da su, ya hana su sakewa. Ga Kande kwance, gida ba mai tsaro.

Sauro ya sauka a kunnen Jatau ya ce, "Jatau, Jatau, a duba jinin surukinka kamar akuya a kasuwa? Roƙi malam a ƙara haka nan."

Jatau ya sunkuyar da kai. Tun da ya yi aure bai taɓa kallon tsohon nan ido cikin ido ba.

Sauro ya koma ɗaya kunnen. "Jatau, Jatau, dubi damtsensa. Mai ciwo yana jan kwale-kwale? Roƙi malam a ƙara haka nan."

Jatau ya miƙe, ya je ƙofar malamin, ya tsaya.

Sauro ya sake dawowa. "Jatau, Jatau, inuwa ta yi tsawo. Roƙi malam a ƙara haka nan."

Jatau ya leƙa ɗakin da Kande take, ya ga jaririn a gefenta yana laluben nono. Sai ya komo ya durƙusa gaban surukinsa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba, bari a fara duba nawa. In za a zargi babba, a fara zargin yaro."

Aka duba na Jatau, sai ga baƙin Sauro birjik. Shi ma bai san yana ɗauke da su ba. Barau ya ce kai, yaran yanzu duk ruɓaɓɓu ne, ya miƙa yatsa don ya nuna musu jinin mutanen da. Malamin ya duba, ya kira shi ya sa ido da kansa. Tsoho ya daɗe a kan madubin. Ashe baƙin suna nan a nasa jinin ma.

Ƙanwar Kande, Hajjo, wadda ake yi wa dariya don ba ta kwana sai cikin gidan sauro, ita aka samu jininta tas, ya kuma dace. Aka ƙara wa Kande. Kafin a kira magariba ta buɗe ido ta nemi ruwa. Maza biyun aka ba su magani, suka zauna a benci ɗaya suna haɗiya.

Sauro ya ga ciniki ya ɓaci. Ya ce bari ya ɓuya inda hannun Jatau ba zai taɓa kaiwa ba, ya sauka a ƙeyar Barau ya kafa baki. Jatau ya gan shi, ya ɗaga hannu, kunya ta riƙe shi.

Ba tare da ya waiwaya ba, tsoho ya ce, "Buge shi, ɗan nan."

Jatau ya buga. Jini ɗigo ɗaya ya rage a tafinsa, ba wanda ya san ko na wane ne.

To yara, kunya abin kirki ce, ni ma da ita aka raine ni. Amma na ga waɗanda ta raka kabari. Jinin da za a ba mara lafiya, ko na mahaifi ne, a duba shi.

Ƙurunƙus, wuta ta yi toka. Kowa ya tafi ya sauke gidan sauronsa.